Injiniya da Allurar Yaya Mamman

Tun da muka dawo daga Sakkwato ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin tashar Maiyama sai wani ya matso kusa ya ce, "Injiniya, ƙaƙa birni? Wai gaskiya na an liƙa ma Mamman wayoyi ga ƙirji?" Kafin in gama ba shi amsa wani ya iso, a koma farko. Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kowane karo akwai wani yanki da nake yankewa in bar shi a cikina. Yanzu na gaji da riƙonsa. Zan rubuta abin gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a ƙyale ni da kofina.

Sunana Umaru, amma in ka zo Maiyama ka tambayi Umaru za a nuna maka mutum goma kafin a zo kaina. Ka ce Injiniya. Ban taɓa zama a ajin kowa na koyi aikin ba. Injin ban ruwa nake gyarawa, kuma daga fadamarmu har Kimba babu injin da ya taɓa gagarata. In ya ƙi tashi in kwance shi, in ya ƙi jan ruwa in busa tiyo, in ya yi taurin kai in ɗan buge shi da sifana. Sai sana'a ta biyu, wadda ba a biya na: buɗe ƙarin ruwa. A wajenmu ƙarin ruwa shi ne babban magani. Zazzaɓi, ƙarin ruwa. Jiri, ƙarin ruwa. Mutum ya yi faɗa da surukinsa ransa ya ɓaci, a kai shi kemis a rataya masa leda. Kuma mu ba ma son mu ga ruwa yana ɗiga kamar ana roƙonsa. Da mai kemis ya juya baya sai a aika a kira ni, in murza 'yar tayar nan ta jikin robar ledar da babban yatsa, leda ta ƙare kafin la'asar, kowa ya koma gona. Shekaru ina yi ana sa mini albarka.

Yaya Mamman wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomin albasa ne, ba shi da yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi tana kuma ceto na: duk ɓarnar da na yi, shi yake cewa shi ne. Ranar da na saki jaki ya cinye rabin gonar maƙwabcinmu, shi ya sha bulalar. Ranar da na ƙona injin wani Alhaji garin gwaji, shi ya je ya ce shi ya zuba man da bai dace ba. Har na yi furfura bai daina ba.

Bana ana tsakiyar ban ruwa ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalmi ya ƙi shiga. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki, kwanciya kuma ta gagare shi, sai dai a jingina shi da buhun gero ya yi barci a zaune. Matarsa Kulu ta ce ƙarfi ne ya ƙare, ni ma na ce ƙarfi ne ya ƙare, kuma kowa ya san maganin ƙarewar ƙarfi. Muka kai shi kemis aka rataya leda, na buɗe ta har ƙarshe. Aka rataya ta biyu, na buɗe. Kafin ta kai rabi numfashin Yaya ya koma irin ƙarar injin da ya ja iska maimakon ruwa, leɓunansa suka canza launi. Mai kemis ya zare allurarsa, ya ce mu yi Jega yanzu-yanzu.

Motar da muka samu ta Bawa ce, wadda tun da aka saye ta ba ta ɗauki wani abu mai numfashi ba sai shi Bawan. Albasa take kaiwa kasuwa, kuma warin ya kama kujerun har ya zama nasu. Kulu tana baya tana riƙe da kan mijinta tana hawaye, ni kuma ban san nawa ne na tausayi, nawa ne na albasa ba. Duk da rikicewar ba ta manta guzuri ba: kilishi, kwalbar yaji, ƙullin kanwa, da galan guda na jiƙon saiwoyi da wata gwaggonta ta haɗa. Hanyar Jega ba ta da nisa, amma ranar sai da muka ci karo da garken shanu suna tsallaka titi a nitse kamar su suka shimfiɗa kwaltar. Bawa ya yi ta danna hon, ko gezau. Sai da makiyayin ya leƙo ya ga fuskar Yaya, sannan ya ɗaga sanda ya buɗe mana hanya da gudu.

A asibitin Jega wata likita siririya ce ta karɓe mu, wadda a ido ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta saurari ƙirjin Yaya, ta danna ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, sai ta ga filasta a hannunsa.

"Wa ya sa masa ruwa?"

Na matso gaba na ce, "Mu munka sa mai, Likita. Leda biyu. Ni da kaina nib buɗe don shi samu ƙarhi da wuri." Na faɗa ina jiran a yaba.

Ta dube ni ta saman gilashinta, ta tambayi sana'ata, na gaya mata.

"To Malam Injiniya, zuciyar yayanka inji ce da ta gaji, ba ta iya tura ruwan da ke jikinsa. Ya taru a ƙafa, yanzu ya hau huhu. In fangalin albasa ya cika ya ƙi tsotsewa, ƙara masa ruwa kake yi?"

Na ce a'a, ai ruɓewa albasar za ta yi.

Ta ce, "To."

Na sha zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda ya yi zafin wannan "to" ɗin ba. Ta sa masa robar iska a hanci, ta yi masa allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, ta riƙe mu kwana ɗaya. Da safe numfashin ya ɗan lafa, amma hannuwansa sanyi ƙalau. Ta rubuta takarda ta ce mu wuce wani babban asibiti a Sakkwato. Akwai maganin da ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu na 'yan kwanaki, ta ce, amma ba irin wanda ake rubuta wa mutum ya saya ya tafi gida ba ne. Sai inda akwai injin da ke auna shi da masu ido a kan majinyaci dare da rana.

A Aliero muka tsaya shan mai. Duk wanda ya san garin ya san abu biyu ake zuwa nema, albasa da ɗorin karaya. Da ganin mota da majinyaci a baya sai mutane suka kewaye mu, kowa yana so ya nuna mana gidan mai ɗorin unguwarsu. Wani dattijo mai farin gemu ya sunkuyo ta taga, ya bi jikin Yaya da ido yana neman inda ya karye.

"Ƙahwa ko hannu?"

Bawa ya ce, "Zuciya ta, Baba."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe hannu. "Wagga ba tamu ba ta. Ku wuce, kak ku tsaya ko'ina. Allah shi ba shi lahiya."

Ashe shi kansa mai ɗori ne. Mutumin da, in ji masu sayar da man, ake zuwa wurinsa daga ƙasashe, ya ga abin da ba nasa ba ya ja hannunsa. Ni kuwa a lokacin dariya abin ya ba ni, har na ce wa Bawa dattijon ya tsorata.

Kan iyakar Kebbi da Sakkwato ba wani abu ba ne, shinge ne da mutane masu kaki a inuwa. Ɗaya ya leƙo, warin albasa ya buge shi, ya ga Yaya, ya ɗaga mana hannu. Iyakar gaske tana can ƙofar ɗakin da aka kwantar da Yaya, kuma mai tsaronta wata nas ce gajera kakkaura, Sista Balki, wadda ba ta ɗaga murya don ba ta bukata. A cire takalmi. A wanke hannu. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi jakar Kulu ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kilishi ya koma waje. Yaji ya bi shi. Da ta kwance ƙullin kanwa sai ta rufe ido na ɗan lokaci kamar mai addu'a. Kulu ta ja galan ɗin jiƙo ta ɓoye a bayan zane, amma galan ba allura ba ne.

"Hajiya, miƙo shi. Kuma ki hwaɗa min dut abin da yas sha cikin watan ga, na kemis da na gida, kak ki rage ko guda. Ba ƙeta nika yi muku ba. Maganin da za a sa mai bai son abokin tahiyar da ba mu sani ba."

Kulu ta lissafa, Sista tana rubutawa, sai da takardar ta cika ta juya bayanta.

Mutanen ɗakin nan al'adunsu daban ne da namu. A gida in mutum ya kwanta ciwo, mutum talatin ne za su cika ɗakin, a rufe taga, kowa ya kawo nasa maganin. A can mutum ɗaya ake bari ya shiga, shi ma da lokaci. A gida ana ɗura wa majinyaci ruwa da kunu har sai ya yi rantsuwa ya ƙoshi. A can ruwan sha ma da kofin awo ake ba shi, a rubuta. A gida fitsarin mutum sirrinsa ne. A can sai an tara shi, an auna, an rubuta, likita ya zo da safe ya karanta yana gyaɗa kai kamar sakamakon jarrabawa. Kullum a ɗora Yaya a sikeli, kullum a ɗebi jininsa a duba ƙoda da gishirin jiki. Abincinsa kuwa, na ɗanɗana sau ɗaya. Tuwon shinkafa ne da miyar da gishiri ya wuce ta gefenta bai tsaya ba.

Wayoyin da kuke tambaya gaskiya ne. An liƙa su a ƙirjinsa, suna hawa zuwa wani allo mai kama da talabijin inda wani koren layi yake tsalle da kowane bugun zuciya, ga lambobi a gefe. A damtsensa akwai abin awon jini da ke kumbura da kansa. Amma abin da ya ɗauki hankalina shi ne wani ɗan akwati da aka ɗaure a jikin ƙarfe ta bayan kansa. A cikinsa an kwantar da wani ƙaton sirinji, an danne shi da maɗauri, siririyar roba ta fito daga bakinsa ta shiga jijiyar Yaya. Injin ne yake tura sirinjin.

Babban likitan, wani mai sanƙo mai magana a hankali, ya zaunar da ni da Kulu ya yi mana bayani. Sunan maganin ya faɗa sau biyu, har yau ban riƙe ba. Ya ce ba warkar da zuciya yake yi ba, tura ta yake kamar yadda ake tura mota har ta tashi, kwana biyu ko uku, sannan a janye shi sannu a hankali a koma ƙwayoyi. An auna shi ne da nauyin Yaya da ƙarfin ƙodarsa. In ya yi kaɗan ba zai yi aiki ba, in ya yi yawa zuciyar za ta rikice ta kama gudu ba tsari, jini ya faɗi. "Don haka kada kowa ya taɓa injin nan. In ya yi ƙara, ku kira nas. In ya ce muku yana jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko zuciyarsa na dukan sauri, ko kuka ga wurin allurar ya kumbura, ku faɗa nan take."

Bakina ya ce to. Zuciyata kuwa ta ce, wai ni za a koya wa inji.

Masaukinmu gindin wani dogon yaro ne a bayan ɗakin, inda 'yan jinya suka kafa gari guda da tabarmi da butoci. Maƙwabcin tabarmata wani dattijon Bafulatani ne daga wajen Birnin Malam, Bappa Sanda, wanda ya kawo matarsa. Shi ma an ƙwace masa kaya a iyaka, ƙwarya guda ta fura da nono, don haka ni na taimaka masa muka ga bayanta. Na tambaye shi ra'ayinsa game da injin da aka sa wa matarsa.

Ya ce, "Ni ban san shi ba, shi bai san ni ba. Ba mu gaisawa."

Na yi masa dariya, na ce wannan ai tsoro ne. Ya ce i, tsoro ne, kuma da shi ya kai shekara saba'in.

Ni ban iya zama kusa da inji ban san abin da yake ciki ba. Ranar farko da aka bar ni na shiga, na zura wa sirinjin ido har idona ya yi ruwa, ban ga ya motsa ba. Na ciro biro na yi ɗan ɗigo a jikinsa daidai inda baƙar robar take. Da na dawo bayan sallah, ya matsa kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Na sami Sista Balki na ce mata a matsayina na ma'aikaci ina ganin injin nan ya toshe. Ta duba lambobinsa, ta ce lafiyarsa lau, haka tafiyarsa take. Ban yarda ba.

Abin da ya kamata in lura da shi yana gaban idona. Kwana na biyu hannun Yaya ya yi ɗumi. Robar fitsari tana cika. Ya buɗe ido ya tambaye ni wa ke ba albasarsa ruwa. Duk wannan sirinjin da na raina ne ya yi, amma ni a lissafina da an sake masa mara da tuni Yaya yana zaune yana cin tuwo.

A ranar ne bas guda ta iso daga Maiyama, 'yan dubiya mutum goma sha takwas, da kwanukan abincin da duk suka tsaya a iyaka. Sista ta jera su kamar masu jefa ƙuri'a, ɗaya ya shiga ya fito, ɗaya ya shiga. Abokina Garba mai sayar da taki ya fito yana girgiza kai, ya tsaya a tsakiyar jama'a ya dube ni.

"Injiniya, ashe kana nan? Ruwan ga ba su tahiya hwa. Sirinji guda tun sahe. Kemis ɗinmu da yanzu an sha leda huɗu. Halan birni ya kashe maka hannu?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin tamu ce ta yau da kullum, amma ta same ni a inda nake da rauni. Ban tuna likitar Jega ba, ban tuna mai sanƙo ba. Abin da na tuna shi ne za a koma gida a ce Injiniya ya zauna gaban inji kwana biyu ya kasa.

Bayan azahar na shiga. Sista Balki tana bayan labule wajen gado na gaba. Idon Yaya a rufe. Na ciro biro na yi ɗigo, don ni ko ƙusa ba na kwancewa ban yi alama ba. Na ɗaga maɗaurin, na sa babban yatsana a gindin sirinjin, na tura. Kaɗan na tura, wallahi kaɗan, layi biyu daga cikin layukan da ke jikinsa.

Injin ya kwarma ihu. Na mayar da maɗaurin da sauri, na kai hannuwana baya, na tsaya ina kallon silin. Sista ta yaye labule ta zo ta hau duba akwatin. Ba ta gama ba allon sama shi ma ya ɗauka. Koren layin nan da ke tsalle a nitse ya haukace, lambar gefe tana hawa, ta ƙasa tana sauka. Gumi ya keto wa Yaya, ya dafe ƙirji, idonsa ya yi sama.

Kafin ka ce kwabo likita ya iso da wasu mutum biyu. Sista ba ta dube ni ba, hannunta na aiki, ta ce, "Wa yat taɓa injin ga?"

Na ci gaba da kallon silin.

Likita ya ce, "Malam, ba lokacin kunya ba ne. In injin ne ya yi kuskure, abin da za mu yi daban. In maganin ne bai karɓe shi ba, daban. In zuciyar ce ta ƙara lalacewa, daban. Ba mu da lokacin canka. An taɓa ko ba a taɓa ba?"

Ina jin muryoyin mutanen garinmu ta taga, goma sha takwas, kowannensu da baki. Sai na ji wata 'yar murya daga kan gado, tana fita da ƙyar tsakanin numfashi da numfashi.

"Ni... nit taɓa."

Yaya ne. Mutumin da hannunsa ɗaya ke ɗaure da allura, injin kuma yana bayan kansa inda ko da lafiyarsa sai ya tashi tsaye zai kai. Numfashin da ya rage masa ke nan, ya kashe shi wajen rufa mini asiri. Ban taɓa ƙin kaina kamar a wannan lokacin ba.

Na ce, "Ƙarya shika yi, Likita. Ni na. Ni nit tura da yatsa."

"Nawa ka tura?"

Na nuna ɗigon biro, na nuna inda baƙar robar take yanzu. Likita ya sunkuya ya ƙirga layukan, ya faɗa wa Sista wani abu da Turanci, aka tsayar da injin, aka gyara wa Yaya kwanciya, wani ya ruga ya kawo wani abu. Daga nan ban ga sauran ba, don an kamo ni ta kafaɗa an fitar da ni waje.

Na wuce mutanenmu, na je gindin dogon yaro na zauna a ƙasa, ba ma a kan tabarma ba. Bappa Sanda ya dube ni, bai tambaye ni ba. Ya matso ya zauna kusa da ni yana jan carbi. Na yi ta kallon babban yatsana. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, ina ta tunanin yadda zan shiga Maiyama da gawar mutumin da ya raine ni, a yi ta yi mini gaisuwa ana cewa sai haƙuri.

Sai da aka kira la'asar Sista Balki ta fito. Ta yafito ni gefe, inda ba mai ji.

"Ya daidaita. An mai da mai maganin bisa awo nai."

Na ce alhamdu lillahi, na juya zan tafi.

"Tsaya, ban ƙare ba. Da yatsan ga naka ya ƙara tahiya kaɗan, da wani zance muka yi yanzu. Kuma da ka ci gaba da shiru, da mun aza maganin na bai karɓe shi ba, mu ɗebe mai abin da ka riƙe da shi. Alamar biro da kay yi ita kaɗai ta aikin hankalin da kay yi yau." Ta gyara hularta. "Kai da ɗakin ga sai dai ta taga."

Haka aka yi. Sauran kwanakin ta gilashi na ga yadda ake janye maganin, a rage kaɗan, a zura wa allo ido, a sake ragewa, har aka cire sirinjin aka koma ƙwayoyi. Abin da ni na so in gama da yatsa ɗaya, su sai da suka yi yini guda suna lallaɓa shi. Garba da sauran sun koma gida da labarin cewa ciwon ne ya motsa, Allah ya kiyaye. Ba wanda ya gyara musu.

Ranar sallama likita bai ɓoye mana komai ba. Zuciyar ba ta koma sabuwa ba, kuma ba za ta koma ba. Ƙwayoyi kullum, gishiri da kanwa a yi bankwana, a riƙa hawa sikeli, in ƙafa ta fara kumbura a dawo kafin ta kai gwiwa. Ƙarin ruwa kuwa, sai in likitan da ya san ciwonsa ne ya ce. Da ya zo nan ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Bawa ya zo ya ɗauke mu. Har ya wanke motar, abin da ya sa ta koma warin jiƙaƙƙiyar albasa. Muka wuce shinge, muka shiga Kebbi. Da muka zo Aliero na leƙa ko zan ga dattijon nan mai farin gemu, ban gan shi ba, kuma da na gan shi da na sauka na gaishe shi da kyau. Kulu ta yi barci. Yaya yana kallon fadamu ta taga, yana duba albasar mutane yana taɓe baki. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Yaya, ashe ka gan ni?"

"Ina kallonka ta ƙasan ido. Na so in hana ka, numhwashi bai isa ba."

"Tau don mi kac ce kai na?"

Muka wuce wata motar raƙuma. Sannan ya ce, "Na saba." Can kuma ya ƙara, ba tare da ya juyo ba, "Amma wagga ita ta ta ƙarshe, Umaru. Zuciyar da nika ɗaukar maka laihi da ita ta gaji."

Har muka shiga Jega ina share hawaye. Na bar wa albasar Bawa laifin idona.

Yanzu Yaya yana kwanciya da filo ɗaya, yana zuwa masallaci ba tsayawa, yana zama a bakin fangali yana ba ni umarni ina ban ruwa. Makon jiya aka aiko daga kemis wai an rataya wa surukin Garba leda tana ɗiga a hankali, in zo in buɗe. Na ce a gaya musu hannun Injiniya ya mutu a birni, kuma duk wanda ya murza tayar nan ni da shi ne. Garba ya yi fushi kwana biyu.

Yaya bai faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ko Kulu ba ta sani ba, kuma na san in na bar shi da shi za a binne maganar. Shi ya sa na rubuta da hannuna. Ba ciwon ne ya motsa ranar nan ba, ni ne na tura. Wannan karon ni zan ɗauki abina.